Yadda Za Ku Shirya Fita Kallon Tsuntsayen Bakin Ruwa A Gaɓar Tekun Gana

Daga watan Satumba zuwa Afrilu, tafkunan da ke bin gaɓar tekun Gana suna cika da baƙi 'yan cin rani. Tsuntsaye ne masu kiwo a taɓo da ruwa marar zurfi, waɗanda suka yi ƙwai a Saiberiya da Girinlan da arewacin Turai, sanyi ya koro su suka biyo gefen tekun Atilantika har suka sauka a nan. Mutumin Ashaiman ko Tema, tafkin Sakumo yana bakin ƙofarsa. Na Nima da Mamobi ma, in ya yi sammako kafin hanya ta cushe, zai isa rana ba ta yi zafi ba. Amma da yawanmu mun sha wucewa ta gefen tafkin nan a mota, ba mu taɓa tsayawa mun duba abin da ke cikinsa ba.

Fitar ba ta cin kuɗi sosai. Abu biyu ne ke gyara ta ko su ɓata ta: zuwa a lokacin da ya dace, da iya zama wuri ɗaya ba tare da kun tayar da tsuntsu ba. Duk sauran shirin da zan bayyana hidima yake yi wa waɗannan biyun.

Fara da zaɓen wuri

A shekarar 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi ta duniya a garin Ramsar na ƙasar Iran. Gana ta shiga a 1988, sannan a 1992 aka sanya wurare biyar na gaɓar teku a ƙarƙashinta: Sakumo tsakanin Akra da Tema, bakin kogin Densu a yammacin Akra, Muni-Pomadze a Winneba, Songor a yankin Ada, da kuma Keta, wanda ya fi kowane tafki na bakin teku girma a ƙasar. Sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke da alhakinsu. Ɗaya daga cikin ma'aunan da ake bi wajen ba wuri wannan matsayi shi ne ya riƙa tara tsuntsayen ruwa 20,000, ko kashi 1 cikin 100 na wani jinsi guda. Wato ba don ado aka zaɓe su ba. Ƙidayar da ta nuna darajarsu ta samo asali ne daga aikin ceton tsuntsayen gaɓar teku da aka fara a 1985, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta.

In fitarku ta farko ce, ku je Sakumo. Ba shi ne mafi kyau ba, kuma ba zan ɓoye muku ba: gine-gine sun ci gefensa, ruwan kwatami da leda suna kwarara cikinsa, wani lokaci wari ne zai fara tarbar ku. Amma yana kusa, ana ganin ruwan daga hanyar bakin teku, kuma in wani a cikinku ya gaji ko ya ga abin bai yi masa ba, komawa gida ba wuya. Bakin Densu yana da filayen gishiri inda tsuntsaye ke taruwa sosai, sai dai wuraren na masu su ne, ba a shiga sai da izini. Winneba tafiyar kilomita 60 ce ko kusa da haka, ta dace da fita ta biyu. Songor da Keta kuwa ku bari sai kun shirya kwana.

Lokaci: wata, ruwa, da rana

Nan ne ya kamata ku ɓata lokaci wajen shiri, domin nan ne yawancin masu farawa ke yin asara.

Game da wata, baƙin suna fara isowa tun ƙarshen Agusta, su yi yawa daga Satumba. A Disamba da Janairu ruwan tafkuna yana ja baya, taɓo ya fito fili, tsuntsaye su matsu a ɗan ruwan da ya rage, ganinsu ya yi sauƙi. Illar wannan lokacin ita ce hazon hunturu, wanda ke dusashe launi in tsuntsu ya yi nisa. Maris da farkon Afrilu suna da nasu daɗin: tsuntsayen sun fara sauya gashi zuwa na lokacin aure kafin su koma arewa, wanda kuka saba gani toka-toka sai ku tarar ya fara ja ko baƙi. Daga Mayu zuwa Yuli damina ce mai ƙarfi, tafki ya cika, baƙin sun tafi in ban da 'yan matasan da ba su isa ƙwai ba. Kada ku kai sabon mutum a wannan lokacin, zai ce kun yaudare shi.

Sai ruwan teku. Sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa a kowace rana, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna. Kullum kuma lokacin yana jinkirta da kamar minti 50, saboda haka abin da abokinka ya gani da ƙarfe bakwai ranar Asabar ɗin da ta wuce ba shi za ka gani ba a wannan Asabar. A gaɓarmu bambancin tsayin ruwan bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, amma ya isa ya sauya wurin da tsuntsu yake. In teku ta janye, suna watsuwa kan rairayi da duwatsu suna kiwo. In ta ciko, wurin kiwo ya nutse, sai su tattaru a cikin tafki ko filin gishiri su huta. Mai son ganin taro, ya isa wurin awa ɗaya ko biyu kafin cikar ruwa, ya zauna, tsuntsayen su zo su same shi. Ku rubuta sunan Tema da jadawalin cikar teku a intanet, za ku samu lokutan kowace rana. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci ma yana da sauƙi: cikowa mafi girma tana zuwa ne dab da tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata.

A Sakumo kansa, ƙaramar mashiga ce a ƙarƙashin hanya ta haɗa tafkin da teku, don haka ruwan sama ya fi tasiri a kan zurfinsa. In an yi ruwa mai yawa a makon, taɓon zai nutse, ku ɗaga tafiyar.

Na uku ita ce rana. A Akra tana fitowa wajen ƙarfe shida duk shekara, da ɗan bambanci kaɗan. Ku yi sallar asuba ku kama hanya. Daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara shi ne lokacin aiki. Bayan goma zafi yana sa iska ta riƙa rawa a saman taɓo, komai kyan tabaronka ba za ka ga abu sosai ba. Ku tsaya ta yadda rana za ta kasance a bayanku: da safe ku fuskanci yamma, da la'asar ku fuskanci gabas. In kuka fuskanci rana, kowane tsuntsu baƙi zai zame muku, ba ƙafa ja, ba farin ciki, sai inuwa.

Su wa za su je

Mutum huɗu zuwa shida sun isa, mota ɗaya. In kun wuce haka, surutu zai rinjaye ku. Ku gaya wa kowa gaskiya tun daga gida: za a tashi da duhu, za a zauna awa biyu ko uku a wuri ɗaya, ba kiɗa, ba kiran waya da ƙarfi. Akwai abokin da ba a zuwa biki sai da shi, amma a bakin tafki fitina ne. Shi ku gayyace shi karin kumallon da za a yi bayan an tashi.

Ku raba aiki. Ɗaya ya riƙe littafin rubutu da biro, ɗaya ya riƙe waya ko littafin hotunan tsuntsaye, ɗaya ya kula da lokaci da ruwan sha. In za ku samu wanda ya san wurin ya raka ku, ya fi komai. Ƙungiyar Ghana Wildlife Society, wadda ke da ofis a Akra, da jami'an namun daji da ke kula da waɗannan wurare su ne ƙofar da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa.

Kaya

Babban kayan aiki shi ne tabaron hangen nesa mai ido biyu. Ku nemi mai lamba 8x42: takwas na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kada lambobi manya su ruɗe ku a kasuwa. Mai kusantowa sau ashirin hannu ba ya iya riƙe shi tsaye, hoton sai rawa. Guda biyu sun ishi mutum biyar in ana karɓa-karɓa. In akwai mai babban madubi mai ƙafa uku a cikin sanayyarku, ku roƙe shi ya zo da shi, domin tsuntsayen taɓo sukan yi nisa.

Ku saita tabaron tun a gida. Ka buɗe ko ka matse shi har da'ira biyu su zama ɗaya. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya dabaran tsakiya har abin da kake kallo ya fito tas a idon hagu. Sannan ka rufe na hagu, ka juya ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya daidaita. Daga nan dabaran tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Dabarar kama tsuntsu kuwa ita ce: ka kafe shi da ido, ka ɗago tabaron zuwa fuskarka ba tare da ka sunkuya ba. Ka gwada da hankaka ko shirwa a unguwa kwana biyu kafin tafiya.

A waya ku sauke manhajar Merlin Bird ID ta gane tsuntsu da eBird ta rubuta waɗanda kuka gani, dukkansu kyauta ne daga sashen nazarin tsuntsaye na jami'ar Cornell a Amurka. Ku sauke bayanan yankinmu tun kuna gida. Sutura kuwa mai launin ƙasa, toka ko kore mai duhu. Farar jallabiya da ake hangowa daga nesa a bar ta sai Juma'a. Takalmi rufaffe wanda ba ka jin asararsa, malafa, ruwan sha lita ɗaya da rabi kowane mutum, maganin sauro na shafawa, tabarma ko 'yar kujera, da ledar kwashe shara.

Isa wurin da zama

Ku ajiye mota nesa da ruwa, ku rufe ƙofa a hankali. A Sakumono, unguwar da ke bakin tafkin Sakumo, hanyar mota da layin dogo suna bin bakin teku tare, kada kallon tsuntsu ya sa wani ya tsaya a kan ɗayansu. Ku gaida masunta da duk wanda kuka tarar, ku faɗa musu abin da ya kawo ku. Wajen mutanen Ga, tafki ba ruwa ne kawai ba, yana da masu kula da shi na gargajiya da ranaku da lokutan da aka hana kamun kifi. In aka ce kada ku bi ta wani wuri, kada ku ja magana. Kada kuma ku ɗauki hoton mutum ko komarsa sai ya yarda.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci. Ku tunkari ruwan a jere, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba kai tsaye zuwa inda tsuntsayen suke ba, ku bi ta gefe. Ku riƙa lura da su. Muddin kawunansu na ƙasa suna kiwo, ko sun soke baki a baya suna barci, ba ku dame su ba. Da zarar kun ga sun ɗago kai sun miƙe wuya, ko na gefe sun fara takawa suna nisa, kun kai iyaka. Ku tsaya nan, ku ja baya taku biyar, ku zauna. Mutum a zaune bai kai mutum a tsaye ban tsoro ba, kuma in kuka yi minti goma sha biyar shiru, za ku ga su da kansu suna matsowa.

Dalilin wannan tsanani ba ladabi ba ne kawai. Ƙaramin cikinsu nauyinsa bai wuce giram 30 ba, kuma tafiyar dubban kilomita ke gabansa. Kitsen da zai tara a taɓon nan shi ne guzurinsa. A 2009 an ga wani ɗan tsuntsun rairayi mai zoben shaida a ƙafa a ƙasar Norwe, kafin kwana biyar su cika aka gan shi a Esiama da ke yammacin Gana, tazarar kusan kilomita 6,000. Duk tashin da garke ya yi saboda ku, daga wannan guzurin aka cire. Wanda ya jefa dutse ko ya tafa hannu don ya ɗauki bidiyon tashinsu, a ganina kada a sake zuwa da shi. Ku sani kuma akwai tsuntsu mai tsaron gari a wurin, zakaran ƙeƙuwa, wanda in ya gan ku ya fara ihunsa, kowa ya ji. Ba yadda za ku yi da shi sai haƙuri har ya gaji.

Kada kowa ya shiga taɓo. Inda yake kama da busasshe a sama yana iya haɗiye mutum zuwa gwiwa, ga fasassun kwalabe, ga ƙazantar ruwan.

Gane wanda kuke kallo

Ku fara da manya don kowa ya samu abin kamawa. Zalɓe kowa ya san shi, dogo mai launin toka, yana tsaye shi kaɗai. Fararen nan ba duka ne balbela ba: balbelar shanu bakinta rawaya ne kuma gajere, amma wadda ke cikin ruwa mai baƙin baki siriri, baƙaƙen ƙafafu da yatsu rawaya, wata ce daban. Ku nemi baƙin zalɓe ƙarami wanda ke taku kaɗan sai ya baza fikafikansa gaba ya rufe kansa ruf, ya yi wa ruwa inuwa, kifi ya shigo ya cafke. Wannan shi ke sa wanda aka jawo dole ya nemi a ba shi tabaro. Kirinjijiya kuma, mai farar fuska, tun kafin ku gan ta za ku ji fitonta.

Ƙananan su ne jarrabawa, domin a wannan lokacin kusan duk toka-toka ne a baya, fari a ciki. Kada ku fara da launi. Ku tambayi kanku abu huɗu a jere: girmansa in an gwada da kurciya, tsawon ƙafa da launinta, siffar baki, sannan yadda yake kiwo. Na ƙarshen ya fi saurin raba gardama. Wanda ke gudu, ya tsaya cak, ya duba, ya tsinci abu, ya sake gudu, da ido yake farauta. Dangin masu gajeren baki ne da babban ido, irin mai baƙin sarƙa a wuya. Wanda kuma kansa ke ƙasa yana ta soka baki cikin taɓo ba hutawa, da taɓawa yake gane abinci.

Ga waɗanda da wuya ku rasa. Akwai mai baƙin baya da farin ciki, ƙafafunsa ja-ja dogaye har sun yi masa yawa, bakinsa siriri miƙaƙƙe. Shi ne mafi sauƙin ganewa, a manhaja za ku same shi da sunan black-winged stilt. Akwai babba mai ruwan ƙasa, bakinsa dogo ya lanƙwasa ƙasa, da zane a tsakar ka, yana farautar ƙaguwa, wato whimbrel. Akwai greenshank mai ƙafa kore-kore da baki ɗan ɗage sama, wanda in zai tashi yake fito sau uku a jere. Akwai ɗan ƙarami mai yawo shi kaɗai a bakin ruwa yana ta kaɗa gindi sama da ƙasa. In kuka leƙa ɓangaren teku, za ku ga 'yan farare suna bin igiyar ruwa da gudu in ta koma, su juyo da gudu in ta dawo. Su ne sanderling, irin wanda ya yi tafiyar Norwe ɗin nan. Na kan duwatsu mai gajerun ƙafafu ruwan lemo, yana birkice tsakuwa da baki, shi ma daban ne.

In garke ya tashi don kansa, ko shaho ya tayar da shi, kada ku sauke tabaro. A sama ne ake ganin farin gindi, farin layi a fiffike, ko baƙin tabo a hammata, alamun da ke ɓoye in tsuntsu yana ƙasa.

Wajen nuna wa juna, "ga shi can" ba ya kai kowa ko'ina, miƙa hannu da sauri kuma yana korar tsuntsu. Ku zaɓi alama tsayayya, ku faɗa da murya ƙasa-ƙasa: daga turken nan na tsakiyar ruwa, ka yi dama kaɗan, na uku a layin gaba. Wanda ba ku gane ba, mai rubutu ya rubuta abin da aka gani, a ɗora kyamarar waya a kan idon tabaro a ɗauki hoto ko da bai fito sosai ba. Manhaja tana taimakawa, amma tana kuskure da tsuntsu mai nisa. Rubuta "ƙaramin ɗan taɓo, ba a tantance ba" ya fi a laƙaba masa sunan da ba nasa ba.

Ƙidaya da tashi

Kafin ku tashi, ku gwada ƙirga garke ɗaya. Ka ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe girman wurin da suka ci a idonka, sannan ka riƙa aunawa goma-goma har ƙarshe. In garken babba ne, ka yi hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Mutum biyu su ƙirga kowa shi kaɗai, sannan a gwada. Sabon mai ƙirga kusan kullum ragewa yake yi. In kun ga tsuntsu da zobba masu launi a ƙafa, ku rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu daban, ta dama daban, domin da wannan ne masu bincike ke gane ko wane ne da inda aka sa masa.

Wajen ƙarfe tara da rabi ku naɗe tabarma, ku fita ta inda kuka shigo, da shararku a hannu. A wajen koko da ƙosai, tun abin yana sabo a ka, mai rubutu ya karanto jerin, a yi gardamar da za a yi, a cire duk wanda mutum ɗaya ne kawai ya ce ya gani kuma bai iya bayyana kamanninsa ba. Abin da ya rage a shigar da shi eBird da sunan wurin, ranar, lokacin farawa da yawan mutanen da suka je. A gida a goge tabaro da ƙyalle mai laushi, domin iskar gishiri tana cin gilashi da ƙarfe. In ƙungiyarku ta ji daɗin abin, a watan Janairun kowace shekara ana ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, kuma masu yin ta a gaɓar Gana suna bukatar ƙarin idanu. Ku tuntuɓi jami'an wurin tun a Disamba.